Hoton Ƙirjina da Ihun da Na Yi a Kunnen Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni Yola ɗaukar hoton ƙirji ba, ko da ma na so in manta, akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Amma bari in faro daga tarin, don shi ya jawo mini komai.

Ni malamin gona ne a nan Mubi. Aikina yawo da surutu. Yau ina Sahuda ina nuna wa manoma tazarar shukar masara, gobe ina Gude ina faɗa da masu barbaɗa wa wake maganin ƙwari kamar suna zuba gishiri a miya. Allah bai yi ni mai zama wuri ɗaya ba. Ko huɗuba ake yi a masallaci, ƙafata rawa take yi. In mutum yana mini bayani, kafin ya kai tsakiya na riga na ƙarasa masa a raina, har na fara ba shi amsa. (Matata Dija ta ce tunda muka yi aure ba ta taɓa kai ƙarshen magana ba sai in barci ya ɗauke ni.)

Tarin ya fara ne da damina ta ja baya. Busasshen tari, ba majina ba kaki, sai ƙaiƙayi can ƙasan maƙogwaro. Na ce ƙurar rumbu ce, zai wuce. Bai wuce ba. Sai gajiya ta biyo baya. Ɗan tudun da nake hawa da gudu a Sahuda, sai ga ni ina tsayawa a tsakiya ina haki, dattawa masu furfura suna wuce ni da fartanya a kafaɗa suna yi mini sannu. Daga nan wasu jajayen ƙulluka masu zafi suka fito mini a ƙwauri, idon sawuna ya kumbura, wandona ya fara zamewa daga ƙugu.

Ba wanda ya faɗa mini a fuska, amma na ga an ware mini kofin shayi a ofis. A wani taron manoma a Gude, tari ya sarƙe ni ina cikin magana, da na ɗago sai na ga 'yan layin gaba sun ja bencinsu baya. Kowa tarin fuka yake tunani, ni ma shi nake tunani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne autarmu Ummi. In na dawo gida takan taho da gudu ta rungume ƙafata, sai na koma kawar da fuska ina cewa uwarta ta ɗauke ta. Yarinya ta tsaya tana kallona, ba ta san laifin da ta yi ba.

A asibiti aka gwada ɗan kakin da na samu na fitar da ƙyar, aka sake gwadawa, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Likitan, wani saurayi mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su fashe, ya ce a ɗauki hoton ƙirji. Aka ɗauka ranar Juma'a, aka miƙo mini baƙin fim ɗin a cikin ambulan, aka ce in kai wa likita ranar Litinin.

To, ka ba mutum irina hoton cikin jikinsa ka ce ya jira Litinin? Ina isa gida na zare shi na ɗaga a jikin taga. Ga haƙarƙarina nan a jere. Sai kuma ga wani ƙaton farin abu a tsakiya, ya karkata gefe guda, ya kai girman dunƙulen hannuna har ya fi. Na kira Dija na nuna mata da yatsa.

"Kin ga abin da yake cina."

Ta dafe ƙirji ta fara salati, hawaye na zuba. Asabar da Lahadin nan ban san a inda na zauna ba. In shiga ɗaki in fito, in ɗaga hoton a taga, in mayar, in sake zarowa in gani ko ya ƙara girma. Har na nuna wa maƙwabcinmu mai shago, shi ma ya girgiza kai ya ce lallai abin ya yi nisa.

Ranar Litinin, kafin likita ya gama manna hoton a jikin allon haske, na riga na ɗora yatsa a kan farin abin.

"Dokta, ka gaya mini gaskiya, ni ba yaro ba ne. Wannan ƙarin tun yaushe yake nan?"

Ya dube ni, ya dubi yatsana. "Tun ranar da aka haife ka, Malam. Zuciyarka ce."

Na janye yatsa a hankali na sa a aljihu. Da ina da hankali, da a nan na ɗauki darasi. Ban ɗauka ba.

Ya nuna mini inda matsalar take, wurin da ni ban ko kalla ba. Dama da hagu, daidai inda hanyar iska take rabuwa ta shiga huhu, akwai wasu dunƙule-dunƙule kamar an ajiye ƙananan dankali. Ya ce irin kaluluwar da take fito wa mutum a hammata, akwai irinta a cikin ƙirji, tawa ce ta kumbura. Ya ce abu uku ke iya kawo haka. Ko tarin fuka da ya ɓuya, ko ciwon daji na kaluluwa, ko kuma wani ciwo da ake kira sarkoyidosis, wanda jiki ke tara 'yan ƙulluka a huhu da kaluluwa da fata ba tare da an san takamaiman dalili ba. Ya ce wannan hoton inuwa ce kawai, sai na je Yola an sa ni a injin siti, wanda ke ɗaukar ƙirji yanka-yanka kamar burodi, a ga kowane yanki daban.

Ya daɗe yana bayani. Ni kalma ɗaya tak na fito da ita daga ofishin nan: daji.

A nan ne surukina ya shigo labarin. Baffa, mahaifin Dija, Bafulatanin Belel ne, tsohon ɗan kasuwar kan iyaka, dogo, siriri, mai tsadar magana. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa dariya da ƙarfi ba, in zan gaishe shi tun daga nesa nake cire takalmi in tsuguna. A gabansa kaɗai ƙafata take daina rawa, ita ma tsoronsa take ji. Dija ta kira innarta a waya tana kuka, washegari sai ga tsohuwar motar Baffa a ƙofar gidana.

"Ni zan kai ka," in ji shi.

"Baffa, da kun huta, ai akwai motar haya a tasha..."

"Na ji. Ni zan kai ka."

An gaya mini kada in ci komai da safen ranar, amma in sha ruwa sosai saboda maganin da za a sa mini a jijiya. Ni kuwa ban iya abu rabi-rabi ba. Na sha ruwa kamar raƙumin da zai ƙetare hamada. Na sa farar shaddata, riga da wando, na zauna a gaba kusa da Baffa, Dija tana baya. Kafin mu kai Hong marata ta cika. Mai karatu, ka gaya mini, da wane baki zan ce wa surukina ya tsaya in yi fitsari? Na harɗe ƙafa, na warware, na sake harɗewa. Duk ramin da mota ta faɗa sai na karanta abin da ya zo bakina. Muka wuce Gombi, muka wuce Song, ina kallon kowace bishiya a bakin hanya kamar ɗan'uwan da aka raba mu. Muna isa asibitin na ce zan je in tambayi layi, na ruga bayan gida.

Na samu sauƙi, amma hankalina ya riga ya tare a mara. Ga jira ya yi tsawo, ga fargaba ta busar mini da baki, sai na yi ta kurɓar ruwan leda ina safa da marwa a baranda. Daidai lokacin da na ce bari in sake zagawa, aka kira sunana.

Mai kula da injin wata mata ce kakkaura mai fara'a, Madam Rifkatu. Da ta ga takardata ta ce, "A'a, ɗan Mubi ne? Ni ma Michika ne gida, nan kusa da ku." Ta ba ni rigar asibiti in sa a maimakon tawa, ta ce wandon ya zauna tunda ba ƙarfe a jikinsa. Ta sa mini allura a hannu ta manne da filasta, ta fara bayani.

"Malam, ka saurara da kyau. Za mu ɗauka na farko haka kawai. Bayan haka maganin zai shiga ta wannan allura, in ya shiga za ka ji..."

"Madam, injin yana nuna daji nan take?"

"Likita ne zai karanta. Ina cewa, in maganin ya shiga..."

"An taɓa samun wanda ya suma a ciki?"

"Ba wanda ya suma. Za ka ji bakinka..."

"Minti nawa ake yi? Don ni ba na son wuri matsattse."

Ta dai ci gaba da maganarta, na ga bakinta yana motsi, har ta yi nuni da hannu daga wuyanta zuwa ƙasa. Ni kuwa idona na kan injin, ina lissafin wanda zai riƙe mini yara. Da ta gama ta ce, "Ka ji ko?"

"Na ji, na ji," na ce.

Ɗakin sanyi ƙalau. Injin kamar wata ƙatuwar farar taya da aka tsayar, da ɗan siririn gado da ke shiga ta tsakiyarta. Na kwanta, aka ɗaga hannuwana sama da kai, kowa ya fita aka rufe ƙofa. Gadon ya fara tafiya da ni. Sai muryar Madam ta fito ta lasifika: "Ja numfashi. Riƙe." Na ja, tari ya ƙwace. Aka sake. "Malam, ƙafarka yana rawa. Ka ce masa ya tsaya." Na danne ƙafa da ƙafa, aka samu aka ɗauki na farko.

"Yanzu maganin zai shiga. Ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa."

Na ji wani ɗanɗano a baki kamar na tsotsi tsohon kwabo. Sai ɗumi ya taso daga maƙogwaro, ya gangara ƙirji, ya sauka ciki. Bai tsaya nan ba. Ya wuce mara, ya bazu tsakanin cinyoyina, ɗumi mai yaɗuwa, irin wanda rabona da shi tun ina kwana a tabarmar kakata.

Innalillahi. Na yi.

Wallahi a wannan lokacin na manta da daji, na manta da mutuwa. Abin da nake gani kawai farin wandona, ba ni da na canji, ga kujerar motar Baffa, ga hanyar Mubi mai tsawo. Na riƙe numfashin nan kamar zan fashe (wannan kaɗai na yi daidai a ranar, don da na motsa da hoton ya lalace). Madam tana cewa "Saki numfashi," na sake shi tare da ihu:

"Madam! A tsayar da injin! Na yi fitsari! Wallahi tallahi na yi fitsari a wando!"

Ta ce wani abu ta lasifika, ban saurara ba. Gadon yana fitowa da ni ina ci gaba da shela, da muryar nan tawa da na saba yi wa manoma magana a fili ba lasifika:

"Don girman Allah kada a bari surukina ya shigo! A kira matata ta ba ni mayafinta in ɗaura! A ce wa Baffa ya tafi, zan hau motar haya!"

Abin da ban sani ba, tun da injin ya tsaya wata nas ta buɗe ƙofa za ta cire mini allura. Ƙofar a wangale take. Bencin masu jira yana kallon ƙofar kai tsaye. Na juya kai daga kwance, idona ya faɗa cikin na Baffa, yana zaune da carbi a hannu. Kusa da shi Dija ta riga ta miƙe, ta cire mayafi tana riƙe da shi. Bayansu mutane cike da baranda, kowa ya miƙo wuya.

Madam Rifkatu ta zo ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Malam, taɓa ka ji."

"Madam, ki rufa mini asiri..."

"Na ce ka taɓa."

Na kai hannu a hankali na shafa. Na sake shafawa. Na shafa gadon. A bushe ƙamas, ko ɗigo babu.

"Ban gaya maka ba?" in ji ta. "Na ce maganin zai sa ka ji kamar ka yi fitsari, amma ba ka yi ba, ɗumi ne kawai. Har na nuna maka da hannu. Ka ce ka ji. Kowa da ya kwanta a nan yana jin haka, amma kai ne na farko da ya yi sanarwa."

Nas ɗin ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba, kafaɗunta na girgiza.

Fitowa daga ɗakin nan ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Duk idon da ke barandar a kan wandona yake. Wata tsohuwa har ta gyara tabarau. Mutum mai hankali sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Ni kuwa sai na tsaya a tsakiya, na ɗan ɗage riga, na ce wa jama'a, "Ashe magani ne. A bushe yake." Wani ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam." Dija ta rufe fuska da mayafin da ta ciro domina. Baffa ya zuba wa bango ido kamar an rubuta wani abu mai muhimmanci a jiki.

Da yamma likitan da ke karanta hotuna ya kira mu. Ya nuna mana ƙirjina a kwamfuta, yana murza wani abu, yanki na wucewa bayan yanki. Wannan karon na haɗa leɓɓana na danne su da haƙori. Ya ce kaluluwar ta kumbura daidai wa daida dama da hagu, kuma cikinta bai ruɓe ba. Ya nuna wasu 'yan ɗige-ɗige kamar ƙwayar gero a cikin huhun, ya ce babu ramukan da tarin fuka yakan yi. Ya ce yadda abin ya jeru ya fi kama da sarkoyidosis, amma hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ciri ɗan nama daga wata 'yar kaluluwa da ya lalubo a wuyana an duba. Baffa ya yi tambaya ɗaya.

"Ana rayuwa da shi?"

"Ana rayuwa da shi, Baba. Akwai magani, wani ma yakan lafa da kansa. Kuma ba a ɗaukarsa daga mutum."

A hanyar komawa na manne da ƙofar mota ina fatan ta buɗe in faɗa. Mun ɗan wuce Song sai Baffa ya rage gudu, ya gangara gefen hanya kusa da wasu bishiyoyi, ya kashe mota. Bai kalle ni ba.

"Malam, ko za ka zaga? Hanya da nisa."

Dija ta fashe da dariya a baya har tana tari. Ni dai na ji kamar in narke.

"Tun daga Hong da safe na ga kana mutsu-mutsu," in ji Baffa. "Na yi ta jira ka yi magana, ka ƙi. Ni ma kunya ta hana ni tambaya." Sai na ga gemunsa yana rawa, ashe dariya yake dannewa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Da ta lafa ya goge ido da bakin rawani ya ce, "Ko da na gasken ne, wando ai wankewa ake yi. Ni abin da ya taso ni daga Belel, in ji ko 'yata za ta yi takaba. An ce ba yanzu ba. Sauka ka yi abin da za ka yi."

Na sauka. Na kuma daɗe a bayan bishiyar nan fiye da yadda buƙata ta sa, don ba na so su ga idona.

Sakamakon naman ya fito bayan 'yan makonni, ya tabbatar da abin da hoton ya nuna. Aka ɗora ni a kan wasu ƙwayoyi da suka kumbura mini kumatu har mutane suna cewa aikin gona ya karɓe ni. Aka duba idona da jinina, ana kuma sake ɗaukar hoton lokaci zuwa lokaci a ga yadda kaluluwar take sacewa. Tarin ya tafi, na koma ɗaukar Ummi a wuya. Sunan ciwon ya gagari mutanen unguwarmu, suka yanke shi suka ce ciwon sarki, ni kuma ban gyara musu ba. Labarin wandon ne dai ya riga ni isa Belel, har yau in na je gaisuwa ƙannen Dija sukan tambaye ni ko a shimfiɗa mini leda a kujera.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da tsada. In mai farar riga yana maka bayani da allura a hannunsa, ka bar shi ya kai aya, don abin da zai cece ka yana can ƙarshen maganar. In kuwa ka ji ɗumi a inda bai kamata ba, ɗan'uwa, ka fara shafawa kafin ka yi shela.